Baƙar Ƙasar da Ta So Cinye Mini Iri

Ku gyara zama. Wannan ba gatana ba ce, babu dila a cikinta, ko da yake akwai wanda ya fi dila wayo, kuma yana nan da ransa yana sallah a sahun gaba.

Ni ce Habsu, ɗiyar masu garka, wato lambu, daga ƙasar Tawa. Aure ya kawo ni Yamai, muka zauna unguwar Lazare, garkarmu kuwa tana Saga, bakin gulbi. Abin da na zo da shi daga gidanmu wata ƴar gora ce cike da irin albasa. Irin uwata ne, ita ma na uwarta ne. Albasar ja ce mai duhu, mai yaji, tana kwana cikin rudu, wato bukkar ajiya, har damina ta wuce ba ta ruɓe ba.

Wanda bai sani ba ya sani: irin albasa ba gero ba ne. Gero sai ya daɗe a rumbu kuma ya tsira. Irin albasa shekara guda ce ransa. In ta zagayo ba ka shuka ba, gawayi kake riƙe da shi. Don haka kowace shekara sai an shuka, an cire, an zaɓi uwaye an ajiye, an maida su ƙasa da sanyi su yi fure, a sake cika gora. Aka tsallake shekara ɗaya, zuri'a ta yanke. Kuma akwai doka a gidanmu: ba a juye gora. Komai faɗin garka, sai an bar na gindi.

Shekarar da gulbi ya cika ya kwana a garkarmu, ya tafi da rudu da uwayen da ke ciki. Ruwa na janyewa mai filin, da yake ba namu ba ne, ya sayar wa masu gini. Na wayi gari ba ni da garka, ba ni da uwaye, sai gora.

To a nan Alhaji Bawa ya shigo. Mutumin ƙasarmu ne, yana da shagon buhuna kusa da tasha. A ƙofar shagon yakan ajiye wata tasa rufe da jiƙaƙƙen tsumma. In ya ga manomin da ya rasa wurin sa hauya, sai ya yafito shi, ya ɗaga tsumman.

"Taɓa ka ji," in ji shi. "Ƙasar kurmin Kamaru ce. A can sanda ka soka sai ta yi ganye. Fili kyauta, ruwa kyauta, albasa kuwa sai an kai musu daga arewa. Zauna nan kana kallon gulbi."

Ɗana Isuhu ya taɓa. Ni ma na taɓa. Duk wanda ya tashi a garka zai faɗi abin da muka faɗa. Mu a wurinmu ƙasa sananniya ce: jigawa mai rairayi ta gero, geza mai tauri, fako inda ko ciyawa ba ta yarda ta fito, sai laka ta fadama, baƙa, uwar albasa. Tun muna goye aka koya mana cewa ƙasa in ta yi baƙi ta yi arziki. Wannan kuwa baƙa ce wuluk, har ta fi gindin tukunya. Alhaji ya san abin da idon Bahaushe ke gani. Da shi ya kama mu.

Isuhu ya ce in ba shi gora. Na ce gora ba ta tafiya ba ni. Shi ke nan. Ba zan ba ku labarin bankwana ba.

Muka tafi, muka tafi. Maraɗi, Kano. A tashar Kano wani ɗan kamasho mai zaƙin baki, yana ta "Hajiya sannu, Hajiya a hankali", ya ɗora kayanmu a wata mota, mu kuma ya sa mu wata. Geronmu da barkono da tabarmar sallata, har yau suna kan hanya. Gora ce kawai ta tsira, don tana ɗaure a ƙuguna.

Muka wuce Yola muka iso iyaka. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya sa na kwance gorar. Ya buɗe, ya leƙa, ya ga abu baƙi ƙanana, ya ja da baya.

"Albarushi!"

Isuhu yana ta yi masa bayani da Faransanci, shi kuwa ya tsiyaya a kan tebur, ya ƙyasta ashana ya jefa. Da ya ga bai tashi ba, ya yi dariya, ya share da gefen hannu zuwa ƙasa. Na durƙusa, tsohuwa da ni, ina tsintar irin uwata ɗaya ɗaya tsakanin takalmansu. Na tashi na dube shi na ce, "Allah ya sa a tsinci naka haka." Ya tambayi Isuhu me na ce. Isuhu ya ce godiya nake.

Garwa, Gaundare. Daga nan duniyar da na sani ta ƙare. Itatuwa suka fara tsayi, suka yi tsayi, har suka haɗa kai suka rufe sama. Mota tana hawa, kunnena yana toshewa. Aka sauke mu a wani ƙauye a gefen wani ƙaton dutse wanda kansa ke cikin gajimare. Wakilin Alhaji ya tarye mu, mu da wasu magidanta daga Tawa da Konni. Ya karɓi katin shaidar mazan, wai don ajiya. Nawa bai karɓa ba, bai ga abin da tsohuwa za ta yi ba. Ya kai mu can sama, ya nuna kurmi da baki, ya ce, "Ga filinku nan. Sai ku sare."

Kurmi fa, ba daji ba. Itacen da maza uku ba sa rungumewa. Mutanen da ba su san komai ba sai hauya da guga, aka ba su adda da gatari. Isuhu ya sara har tafin hannunsa ya saɓule. Ni ina bukka ina dafa ayaba da ban san yadda ake cin ta ba. Wanki ba ya bushewa. Gishiri ya narke a kwano. Rana sai ta leƙo kamar mai jin kunya ta koma. Na yi kewar fura har na yi mafarkinta. Na yi kewar in tsaya in hangi nesa, don a can duk inda ka juya ganye ne a gaban hancinka.

Da aka buɗe fili, na sa hannu cikin ƙasar sosai, ba ɗan taɓin tasa ba.

Baƙa ce, ba ƙarya. Ka haƙa har gwiwa, har ƙugu, baƙar ce dai. Amma ba laka ba ce. Laka tana da nauyi, tana kama hauya, tana cire maka takalmi. Wannan ka cika ƙwarya ka ɗauka kamar dusa ka ɗauka. Ba ta manne wa hannu, amma ka taka ta a gangare sai ta yi da kai ƙasa. Ka murza ta tsakanin yatsu, da farko ta marmashe kamar tsakin gero, sai can ta narke ta yi santsi kamar man kaɗe, ruwa ya fito daga inda ba ka ga ruwa ba. Ka zuba mata guga ta shanye nan take, kamar ba a zuba ba, amma kuma ba ta taɓa bushewa. Na yi mata ƙwallo kamar yadda ake gwada yumɓu, na ajiye, ta rushe. Na ɗora ta a harshe: ba kanwa, ba gishiri, sai wani ɗan bauri. A cikinta akwai duwatsu masu huji-huji, kamar kashin maƙera, marasa nauyi. Na lissafa ƙasashen da na sani tun daga jigawa har fadama. Ba ta cikinsu.

Muka yi fangali, muka shuka. Ya tsiro, kore shar, na ce alhamdu lillahi. Ruwan sama ya sauko ya ƙi ɗaukewa. Da safe sai in tarar ƙugun tsiron ya tsinke, sun kwanta kamar an bi su da aska. Duk suka tafi.

Muka sake shukawa da ruwa ya ɗan sassauta. Wannan karon suka rayu, aka yi dashe. Isuhu ya samo takin zamani ya zuba. Lawashi ya tashi har cinya, wuya ya yi kauri kamar rake. Mazan suna ta murna. Na tuge ɗaya. Babu kai. Na tuge wata, ɗan kan da ta yi ya ruɓe, yana wari. Ganye a sama kamar na sarauta, ƙasa babu komai.

Ina zaune bakin fangali, hawayen takaici na zuba, sai na ji murya a bayana.

"Mama Hausa, wa ya mutu?"

Wata tsohuwa ce ƴar ƙauyen, gajera, da kwando a baya da adda a hannu. Sunanta ya fi ƙarfin harshena, sai na sa mata Mai-Gwaza, don gwaza take nomawa. Ta koyi Hausa wurin mahauta a kasuwar gari. Karyayya ce Hausar, ni zan miƙe muku ita.

Na ce, "Albasa ce ta mutu."

Ta dubi fangali, ta dube ni, ta fashe da dariya har ta dafa gwiwa. Na ji kamar in kwaɗa mata hauya. Da ta ga fuskata ta daina.

"Albasa a nan sama? Wane maƙiyi ya aiko ku?"

"Ɗan'uwanmu ne."

"To shi ne," in ji ta.

Washegari ta zo ta ja ni, wai in zo in ga dangin ƙasar. Muna tafe tana faɗa mini. Dutsen nan, in ji ta, ya taɓa aman wuta tun kafin kakannin kakanninta. Ya zubo toka da narkakken dutse. Abin ya huce, kurmi ya hau kai, ganye ya yi ta zuba yana ruɓewa, ruwa yana dafa su tare. Daga nan ƙasarsu ta fito. Amma ba ɗaya ba ce.

Ta duƙa ta damƙo baƙar. "Wannan ita ce auta. Tana zaune sama cikin gajimare, kullum a jiƙe. Ayaba, gwaza, kofi, duk abin da ke son ƙafarsa cikin sanyi, tana goya shi. Amma maƙetaciya ce. Takin buhun da ɗanki ya zuba, ta haɗiye mafi amfaninsa ta riƙe, ba ta bai wa shuka. Kuma ba ta son tsirara. In kun tuɓe mata kurmi rana ta gasa ta har ciki, ta mutu ke nan. Sai ta koma kamar tsakuwa, ba ta ƙara shan ruwa, ruwan sama ya kwashe ta."

Muka gangara. Ƙasa ta fara sauya launi, ta koma kamar ƙasa-ƙasa, ruwan goro. Ta ce, "Ta tsakiya. Ta fi nauyi, ta ɗan kama hannu, ba ta da rowa irin ta ƙanwarta. Masara da wake nan suke." Muka ƙara gangarawa har gindin dutse. A nan ƙasa ja ce jawur, mai danƙo. "Babbar ya. Ta tsufa, ruwa ya wanke mata komai. Rogo da tubali kawai ta iya." A hanyar komawa ta nuna mini wani tudu wanda duk ɓurɓushin kashin maƙeran nan ne, baƙi, yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Ta ce wannan ruwa ba ya kwana cikinsa.

Uwa ɗaya, hali daban-daban. Mu kuwa an kawo mu da abin da ke son rana da busasshen wuya, an ɗora mu kan wadda ta fi kowa jiƙa.

Da muka koma sama, na tarar da wasu mutane cikin filinmu suna haƙa ramuka tsakanin fangali, suna dasa ƴaƴan ayaba. Na ce wa Mai-Gwaza su wa ke nan. Ta kau da kai.

"Masu fili. Al'ada ce. Baƙo ya sare kurmi, a bar shi ya ci shuka ɗaya, mai wuri ya dasa nasa. Ba a faɗa muku ba? Kafin ku ma an kawo wasu. Su ma albasa suka zo da ita."

Su ma albasa suka zo da ita! Ashe Alhaji Bawa ya sani. Ba manoma yake aikawa ba, gatura yake aikawa. Ya san albasa ba za ta yi ba, ya san kuma kafin mu gane kurmi ya faɗi. Mutumin da ya ci tuwon sunan Isuhu. Mutumin da ya san kabarin uwata. Da baƙo ne ya cuce ni da na ce halin hanya ne.

Na koma bukka na sauko da gora daga saman murhu, inda nake rataye ta hayaƙi ya kare ta daga fumfuna. Na girgiza. Na gindi ne kawai ya saura, kuma watanninsa suna ƙarewa. Isuhu ya shigo ya miƙo hannu.

"Inna, a ba ni. Wakili ya ce laifin lokaci ne. In muka sake gwadawa yanzu da ruwa ya ɗauke…"

"A ina?"

"A filinmu mana."

"Filin ubanka? Je ka duba, ayaba ce a ciki."

"Inna, ba zan koma hannu banza ba."

"Ni kuma ba zan koma da gora banza ba. Ka shuka rabonka har sau biyu, ƙasa ta ci. Wannan ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Taɓa ta ka gani in ban tsine wa hannun ba."

Bai taɓa jin irin wannan daga bakina ba. Ya fita.

Dokar gidanmu ta ce ba a juye gora. Amma dokar an yi ta ne don iri ya rayu, kuma in na bar shi ciki zai mutu a ciki. Na juye ta.

Ba a sama ba. Mai-Gwaza ta ba ni wuri bayan ɗakinta, can ƙasa inda gajimare ba ya sauka. Mu biyu, tsofaffi, muka yi ta jido: ƙasar tsakiya a kwando, ɓurɓushin dutse a kwando, tokar murhunta ta kashe baurin. Muka ɗaga fangali sama kamar gado, muka yi masa rumfar ganye da ake janyewa in rana ta fito. Tana yi tana zagina.

"Mama Hausa, wannan albasa ce ko amarya?"

"Ta fi amarya. Amarya ana sake wata."

Rabi bai tsiro ba, sanyin wurin ya riga ya kashe shi tun a gora. Abin da ya tsiro na yi jinyarsa kamar bakwaini. Ɗan ranin da suke da shi gajere ne, amma ya isa. Wuya ya kwanta, na tona. Ƙanana ne, babbar cikinsu ba ta wuce goro ba. Amma ja ce mai duhu, kuma da na fasa ɗaya yajinta ya sa Mai-Gwaza atishawa. Ita ce. Albasar uwata ce.

Sai dai hadari ya fara haɗuwa. In damina ta same su a kurmi, ruɓewa za su yi kafin sanyin da za a maida su ƙasa. Dole su kwana a busasshen zafin gida. Na ce wa Isuhu mu tafi. Ya ce katinsa yana hannun wakili, kuma an ce sai ya yi aikin ayaba kafin a ba shi.

"Kuma Inna, da wane ido zan shiga Lazare?"

"Da wanda ka fita da shi."

Ya sunkuyar da kai. Na bar shi a gefen dutsen nan, da adda a hannu, ɗan masu garka.

Mai-Gwaza ta naɗe mini albasar cikin busasshen ganyen ayaba da toka. Na goya ta a baya da zane, kamar jinjiri, don kada a danne ta cikin kaya. A bakin zanen kuma na ƙulle ɗan baƙar ƙasar nan. Ina da wanda zan kai wa.

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo. Mota ta lalace cikin ruwa. Duk inda aka tsaya sai in kwance goyo in sansana, in fitar da wadda ta yi laushi in jefar, ina jin kamar yatsa nake yankewa. A wani shinge jandarma ya ce in sauke yaron a gani. Da ya ga albasa ce, ya kira ƴan'uwansa suka sha dariya, sannan ya zaɓi manyan ya zuba aljihu, wai za a soya ƙwai. Na maida goyona baya. Da na buɗe baki da a can zan kwana. A Garwa wata mai sayar da abinci a tasha, ban san ta ba, ta dubi goyon ta dube ni, ta ce, "Iya, hau da su soro, akwai rana." Ta ba ni fura. Na sha ina kuka, ita ba ta tambaye ni komai ba.

Na shigo Yamai da abin da bai cika ƙaramin kwano ba.

Na yi musu ɗan rudu a tsakar gida suka wuce damina. Da sanyi ya shigo, wani tsohon Bazabarme, maƙwabcin garkarmu ta da a Saga, ya ba ni kusurwar garkarsa. Na ce masa fofo, ya ce in bar godiya in kama aiki. Na maida su ƙasa, wasu ba su tashi ba. Waɗanda suka tashi suka fid da kara, suka yi farin fure, zuma ta sauka. Na yanke kawunan, na shanya, na murza, na sheƙe. Iri ya rufe gindin gora. Gindin kawai. Amma gora ta yi ƙara da na girgiza ta.

Labari ba ya ɓuya a Lazare. Ran nan sai ga Alhaji Bawa da kansa, da babbar riga da carbi, yana sallama.

"Hajiya Habsu, an dawo lafiya? Ai na ji an sha hanya. Sai haƙuri, noma sa'a ne. Na ji kuma irin nan namu ya tsira, barka. Akwai wasu magidanta da za su tafi bayan sallah, na ce ko za a ɗan ɗiba musu."

Na shiga ɗaki na kwanto ƙullin nan. Zafin Yamai ya gama da ƙasar: ta yi fari-fari, ta koma tsaki. Na cika ƙwarya da ruwa na ajiye gabansa, na zuba. Ta taso sama tana yawo kamar ƙaiƙayi, ta ƙi jiƙa.

"Ka san ta?"

Ya kau da kai yana jan carbinsa.

"Ka san ta, tun da kowace safiya kana yayyafa wa ta cikin tasarka ruwa kana rufe ta da tsumma. Ka san in ta bar gidansu ta bushe, ta mutu. Ita da ba ta da rai ma ke nan. Ranar da wannan ta sha ruwan Yamai ta koma yadda take, zo in ba ka iri. Kafin nan, tashi ka kawo mini ɗana."

Ya tashi yana cewa tsufa ya fara taɓa ni. Har yau tasar tana ƙofar shagonsa. Duk wanda na ga ya nufe ta sai in tare shi, wani ya ji, wani ya ce baƙin ciki nake masa.

Gora tana nan rataye. A kusurwar da aka ba ni a Saga na bar fangali ɗaya ban shuka ba, ina cire masa ciyawa. Mai gatana in ya gama yakan rufe da ƙurunƙus kan kusu a tashi a watse. Ni ba ni da abin rufewa. Isuhu bai dawo ba.